Jinin Wa Ya Kawo Sikila Gidanmu?

Mu bakwai Inna ta haifa, biyu daga cikinmu da sikila. Na farko shi ne ƙanina mai bi mini, ya rasu yana da shekara tara, cikin wani hunturu da har yau ban manta sanyinsa ba. Ta biyu ita ce autarmu, tana nan da ranta, ta ba shekara ashirin baya, tana sana'ar ɗinki a gida. Abokiyar zaman Inna kuwa biyar ta haifa, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa kwana yana kukan ciwon ƙashi. Da wannan lissafin dangin Baba suka kafa hujja shekara da shekaru. Goggonmu, Allah Ya ji ƙanta, ba ta ɓoye ra'ayinta. Takan ce miji ɗaya, gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma 'ya'yan ɗaki ɗaya ne kawai ke ciwo, to ina za a nemi tushen cuta in ba a jinin mai ɗakin ba? Inna ba ta taɓa tanka mata ba. Ina jin ma ta yarda da zancen, domin na sha jin ta cikin dare, idan ciwon ya tashi, tana neman gafarar Allah kamar wadda ta yi wa yaran wani laifi.

Sai da na fara aikin rediyo aka ba ni shirin lafiya, ina zama da likitoci mako-mako ina yi musu tambayoyin masu sauraro, sannan na gane an ɗora wa Inna kayan da ba nata kaɗai ba ne. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke yi mini yawo a kai. Mutum bai zaɓi abin da ke cikin jininsa ba, to me ake bin sa a kansa? Kuma mu da muke kewaye da shi, me yake bin mu?

Kafin a kai ga hukunci, gara a san yadda abin yake. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari, himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Umarnin yadda jiki zai ƙera wannan sinadari yana rubuce cikin ƙwayar gado, kuma kowane mutum guda biyu yake da ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wadda aka saba da ita ana kiranta A, wadda ta sauya kuma S. Mai AA bai gaji S ba ko kaɗan. Mai AS ya gaji ɗaya, yana rayuwarsa lafiya, sau da yawa har ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Mai SS shi ne ya gaji S ta ɓangare biyu. A jikinsa, idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jinin da ya kamata ta kasance kewayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashin nan yake fitowa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ne ta mutu, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da su. Akwai kuma wata mai suna C, wadda idan ta haɗu da S ita ma takan kawo ciwon. Wannan shi ne abin da ake dubawa a gwajin jinotaif, kuma daban yake da rukunin jinin da ake nema idan za a yi wa mutum ƙarin jini, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su.

Dokar da wannan gado ke bi, wani malamin coci ne ya fara gano ta, Gregor Mendel, a lambun gidan ibadarsu da ke garin Brno, a Jamhuriyar Cek ta yau. Ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake na Turai yana ƙirga abin da ya fito, ya gabatar da sakamakon a 1865. Da ya haɗa mai jan fure da mai farin fure, 'ya'yan duka suka fito masu ja, kamar farin ya ɓace. Da ya bar waɗannan 'ya'yan suka hayayyafa a tsakaninsu, sai farin ya dawo, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Ashe yana nan a ɓoye, yana jiran ya gamu da irinsa. Duniya ba ta kula da aikinsa ba sai a 1900, bayan ya daɗe da mutuwa.

Abin da ya faru a lambun Mendel shi ya faru a gidanmu. Ba a haifar SS sai uwa ta bayar da S, uba ma ya bayar da S. Ƙanina da autarmu su kansu shaida ne cewa Baba yana ɗauke da ita kamar yadda Inna take ɗauke da ita, ba sai an kai shi asibiti ba. Abokiyar zaman Inna mai AA ce, don haka duk abin da Baba ya bayar, 'ya'yanta ba za su wuce AA ko AS ba. Hujjar Goggo ta yi kama da gaskiya a ido, amma rabin abin da take zargi daga jinin ɗan'uwanta ya fito, kuma mai yiwuwa ita ma tana ɗauke da shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gidaje nawa ne a ƙasar nan aka saki mace, ko aka yi mata kishiya don a huce haushi, a kan wannan kuskuren lissafi?

Akwai wani kuskuren da masu kira a shirina suke yawan yi. Idan likita ya ce AS da AS suna da ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila, sai wani ya ce to zai tsaya a uku. Ciki ba ya tuna abin da cikin da ya gabace shi ya bayar. Kowane ɗaya sabuwar ƙuri'a ce, kamar ka jefa kwabo biyu sama: yadda suka faɗo ɗazu ba ya hana su sake faɗowa haka yanzu. Wasu ma'auratan za su haifi shida ba su ga ko ɗaya ba, wasu ɗan fari da mai bi masa duka su zo da shi.

Mai karatu zai iya tambaya, abin da ke kashe yara haka, me ya sa bai ƙare ba tun zamanin kakanni? Ai da ma ya kamata ya yi ta raguwa, tunda a da kaɗan ne daga masu SS suke kaiwa shekarun aure. Amsar tana wajen sauro. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran jure zazzaɓin cizon sauro, kuma wuraren da S ta yi yawa su ne wuraren da zazzaɓin ya yi katutu. A ƙauyen da damina ke kwashe jarirai, yaro mai AS ya fi mai AA damar tsallakewa ya girma ya haihu. Sikila tana cire S daga al'umma ta gefe ɗaya, maleriya tana ƙara mata rinjaye ta ɗaya gefen, har abin ya tsaya a inda muke yau, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita. Wanda aka ce masa AS ne, ya sani cewa abin da ya gada shi ne ya raya wasu kakanninsa a shekarun da babu asibiti babu gidan sauro.

Amfanin nan kuwa ya danganta da wurin da mutum yake. A ɗauki Bahaushen Maraɗi ko na Damagaram da ya tafi neman abinci Tamanrasset a kudancin Aljeriya, kamar yadda da yawa suke yi. Aljeriya ce ƙasar da likitan nan Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar maleriya a jinin mutum a 1880, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar. A can, S ɗin da ke jininsa ba ta da sauran aikin kariya. Idan kuma ya hau duwatsun Ahaggar ya kai Assekrem, kimanin kilomita 80 daga garin, inda tsayi ya haura mita 2,700, iska ta yi ƙaranci ga sanyi mai ratsa ƙashi, to abin ma juyawa yake yi. Mai SS yana cikin haɗarin tashin ciwo a irin wannan wuri, kuma ko mai AS a wasu lokuta tsayi irin wannan yakan taɓa masa saifa. Ƙwayar gado ɗaya ce, a fadamar Haɗeja garkuwa, a kan dutsen Assekrem kaya. Tana kuma bin mutane duk inda suka je. Nau'in S da aka fi samu a Najeriya, wanda masana ke kira na Benin, shi ne aka fi samu a Aljeriya da Tunisiya har tsibirin Sisili, alamar ƙafafun da suka ratsa Sahara cikin ayari, wasu da son ransu wasu a ɗaure. A Amurka ma kusan ɗaya cikin 13 na baƙaƙen fata yana ɗauke da ita. Abin da darajarsa ke sauyawa daga fadama zuwa dutse ba zai zama ma'aunin asali ko tsarkin gida ba.

Yanzu mu bar gida ɗaya mu dubi gari gaba ɗaya. A 1908 wani masanin lissafi na Ingila, Hardy, da wani likitan Jamus, Weinberg, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna yadda ake lissafa rabon ƙwayoyin gado a cikin al'umma. Ba sai mun shiga zurfinsa ba, lissafin kasuwa ya ishe mu. Idan ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana aure ba tare da dubawa ba, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS. Kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS ne, wato haihuwa ɗaya cikin 64. A ƙasa mai yawan haihuwa irin tamu, wannan ne ya kai ga ƙiyasin da aka saba ji na jarirai kusan 150,000 masu sikila a kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya.

Lissafin yana koya mana abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, cikin jarirai 1,000, kimanin 16 ne SS, sama da 200 kuwa AS. Ke nan mafi yawan S ɗin da ke ƙasar nan tana jikin lafiyayyun mutane ne, malamai da direbobi da sarakuna da ni mai wannan rubutu, domin ni ma AS ne. Gwajin kafin aure ba ya fitar da ita daga al'umma, hana biyu haɗuwa kawai yake yi, don haka jikokinmu ma sai sun yi gwajin. Na biyun ya fi tayar mini da hankali. A ce masu AA sun ɗauki kansu masu tsarkin jini, suka ce su ba sa auren kowa sai AA, kamar yadda na fara ji daga bakin wasu samari da iyaye. Wa ya rage wa mai AS? Sai ɗan'uwansa AS. Idan haka ta tabbata a ko'ina, aure ɗaya cikin huɗu zai zama na AS da AS, haihuwar SS ta tashi daga ɗaya cikin 64 zuwa ɗaya cikin 16. Ƙyamar da aka yi da sunan gudun cuta ta ninka cutar sau huɗu. A wannan mas'ala, abin da ɗa'a ta hana lissafi ma ya hana.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da jinotaif da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma dokar ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da waɗannan larurori. Saudiyya ta riga mu, tun 2004 ta wajabta gwajin, amma ta bar wa masu niyyar aure zaɓi bayan an yi musu bayani. Ina goyon bayan gwaji ɗari bisa ɗari. Damuwata ita ce lokacin da muke yin sa. Takardar da ake nema saura mako guda ɗaurin aure, bayan an kai lefe, an buga kati, an yi shekara uku ana zance, ta zo a makare. A irin wannan matsi ne nake samun kiran waɗanda suka ce an ba su shawara su nemi wanda zai sauya musu sakamako. Wanda ya sayi takardar ƙarya ya ruɗi liman da waliyyai, amma jaririn da za a haifa shi zai biya kuɗinta. Da yaro zai san jinotaif ɗinsa tun yana makaranta kamar yadda ya san sunan kakansa, a kuma maimaita gwajin a wuri na biyu don kauce wa kuskure, da zancen zai zo a farkon haɗuwa, lokacin da rabuwa ba ta da ciwo sosai.

Wasu sukan kira su ce mini duk wannan shisshigi ne cikin ƙaddara, abin da Allah Ya rubuta sai ya faru. Gaskiya ne babu mai tsere wa abin da aka rubuta masa. Amma malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Iyayenmu ba su sani ba, babu abin da za a tuhume su da shi. Mu da aka ba mu sani, hukuncinmu daban ne. Idan AS biyu suka ce sun ji sun gani, soyayyarsu za ta ɗauki komai, ina tausaya musu ƙwarai, amma nakan tuna musu cewa wanda zai ɗauki ciwon ba ya wurin da ake yanke shawarar. Jarumtar da za a yi da ƙashin wani ba taka ba ce. Shawarata gare su ita ce su haƙura, kuma na san nauyin abin da nake faɗa, domin ni ma na taɓa haƙura da wadda nake so a kan wannan dalili.

Na daɗe ina faɗin haka a rediyo da ƙarfin gwiwa, har ranar da autarmu ta tare ni. An yi shiri ne na ranar sikila ta duniya, 19 ga Yuni, na dawo gida na same ta a bakin keken ɗinkinta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, na ji shirinka. Da Inna da Baba sun bi shawararka, da babu ni ke nan ko?"

Na ce, "Auta, da ni ma babu ni."

Ta ce, "Kai ai ba kai ake cewa kada a sake haifar irinka ba."

Na rasa amsa a ranar, kuma na yi makonni ina juya maganar. Inda tunanina ya tsaya shi ne, wanda ba a yi cikinsa ba babu shi, ba a tauye masa komai ba idan mutum biyu suka fasa aure. Wanda aka riga aka haifa kuwa mutum ne cikakke, yana da haƙƙin duk da kowa ke da shi, har da ƙari saboda larurarsa. Uban da ya ɗaure rijiyar gidansa bayan ɗansa ya faɗa ya karye, ba cewa yake ya ƙi ɗan ba. Ciwon muke gudu, kuma waɗanda suka fi kowa sanin dalilin gudunsa su ne masu fama da shi. Sai dai ta fi ni gaskiya a wuri ɗaya: harshenmu ba ya rarrabe ciwon da mai ciwon. Mukan ce "kada a haifi sikila", mu kira mutum da sunan cutarsa, a gabansa, a lasifika. Tun daga ranar na sauya yadda nake magana a shiri.

Ma'aunin gaskiyar niyyarmu shi ne yadda muke yi da waɗanda suke raye. Idan da gaske tausayin yara ne ya sa muka yi doka, to tausayin ya kamata ya kai ga yaron da ke kwance yanzu: a gano shi tun yana jariri, a yi masa rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, ya sami magani da jini idan ya buƙata ba sai an sayar da akuyar gida ba. A nan Kano, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna maganin haidroksiyuriya yana taimakawa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ilimin yana gida, saura ya isa ga talaka. Haka kuma zancen aure. Mai AA da ya auri mai SS, 'ya'yansu duka AS za su kasance, babu mai sikila ko ɗaya. Amma autarmu ta ga manema biyu sun janye da jin sunan ciwon, ba tare da ko ɗaya ya je ya duba nasa jinin ba. Haka nan masu ɗora laifin duka a kan auren zumunci su sassauta. Gaskiya ne 'yan'uwa sun fi yiwuwar ɗaukar abu iri ɗaya, amma a ƙasar da ɗaya cikin huɗu ke da S, bare ma ba tabbas ba ne. Gwajin ne ke raba gardama, ko da ɗan baffa ko da baƙo.

Abin da ake bin mutum a kan jininsa, a ganina, bai wuce uku ba: ya nemi sani, ya faɗi gaskiya da wuri, kada kuma ya jefa wanda bai zo ba cikin haɗarin da shi ya riga ya gani. Abin da yake bin mu shi ne kada mu mayar da sakamakon gwajinsa tabo a goshinsa ko a sunan gidansu.

Na yi wa Inna wannan bayanin wata rana da yamma, da farin wake da ja a kan faifai, biyu nata biyu na Baba, ina haɗa su ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Da muka zo kan ja biyu ta ɗauke su ta riƙe a tafin hannunta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta tambaye ni ko Malam ya san da wannan. Na ce ban gaya masa ba tukuna. Ta ce in bari sai ya ci abinci ya huta, kuma in faɗa masa a hankali, kada ya ɗauka laifinsa ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.